Ganuwar Kano Ba Ta Da Mai Ita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan ganuwar birnin Kano, ko kuwa in ce abin da ya rage daga cikinta.

Tun bayan rusau ɗin gine-gine da gwamnatin Kano ta yi a 2023, duk majalisar da aka tayar da zancen badala, wato ganuwar, sai ya rikiɗe ya koma siyasa. Wannan ya ce gwamnatin Ganduje ce ta yanka ta sayar, wancan ya ce wadda ta gaje ta ramuwar gayya kawai ta zo yi. Ana cikin wannan musu damina take zuwa ta wuce, kowace kuma sai ta tafi da rabonta na ƙasar ganuwa. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ciwon ganuwar Kano ya girmi Ganduje, ya girmi Abba, ya girmi Kwankwaso da Shekarau. Ciwon shi ne ba ta da mai ita.

A takarda dai tana da shi. Ganuwa da ƙofofinta suna cikin kayan tarihi na ƙasa, a hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. To amma hukumar nan ta tarayya ce, shugabanninta suna Abuja, kuma hukuncin da ke cikin dokarta an rubuta shi ne a zamanin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A ɗaya ɓangaren, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Ke nan mai haƙƙin tsare ganuwa ba shi da ƙarfin hana kowa, mai ƙarfin kuma ba a ɗora masa tsaronta ba, sai ma aka ba shi alƙalamin rabon filin da take kai. Masarauta, wadda asali aikinta ne, an daɗe da raba ta da iko a kan ƙasa, ga kuma rikicin sarauta da ya ɗauke mata hankali tun 2019. Ma'aikacin gidan tarihi yana iya rubuta wasiƙar ƙorafi iya son ransa, kafin a amsa masa gini ya tashi har an zuba dakin.

Ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi ginin ƙasa ya kai shekara ɗari takwas a tsaye. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, mai sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, haka ma Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Da Turawa suka ci Kano a 1903, shugabansu Lugga da kansa ya rubuta wa magabatansa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba, ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Wannan tsayi ba na Gijimasu ba ne shi kaɗai. Na kowace shekara ne. Idan ruwa ya ɗauke, sarki yakan raba ganuwa tsakanin hakimai, kowa da yankinsa, ya zo da mutanensa a yi gayya. Wasu na haƙo ƙasa, wasu na cuɗa ta da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, wasu na mulmula tubali ana shanyawa a rana. Magini yana zaune a kan gini ana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa yana jerawa, mai kaifin yana kallon sama, sannan a bi da yaɓe. A manyan gine-gine har da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame ya sauka. Kowace ƙofa kuma tana da Sarkin Ƙofa, mutum sananne mai gida a nan gefenta, wanda idan abu ya lalace shi za a kira.

Ranar da wannan gayya ta mutu, ranar ganuwa ta fara mutuwa. Turawa sun zo, yaƙi ya ƙare, aka ga ba a bukatar katanga, ba a kuma sa wani tsari a madadin na da ba. Duk abin da ya biyo baya, daga mai jaki da ke sassaƙar ƙasarta ya kai wa masu gini har zuwa mai falaza, cin gawa ne kawai.

Duk mai son gani da idonsa ya bi titin BUK daga Ɗan Agundi zuwa Na'isa, ya miƙe Gadon Ƙaya har Ƙofar Famfo. A da, matafiyi a wannan hanya ganuwa ce ke raka shi a hannu guda, ja wur, da ramuka da kududdufai a gindinta. Yau sai ka leƙa ta tsakanin gidan mai da wurin sayar da motoci kafin ka hango wani ɗan tudu da zaizaya ta tsattsaga, akuya a bisansa, bola a ƙasansa, leda ta lulluɓe shi. Na taɓa tsayawa ina kallon wani wuri da ake cikewa, sai wani dillali ya matso, ya ɗauka mai saye ne. Ya ce, "Alhaji, bakin titi ne, takarda ta fito, ba awon igiya ba ne. Kafin baɗi ka ga nan, ba za ka gane shi ba." Na ce masa, "Malam, ai wannan badala ce." Ya yi dariya ya ce, "Wace badala? Ai ƙasa ce kawai ta taru." Ban ga laifinsa sosai ba. Babu allo, babu turke, babu wata alama da ke nuna inda ganuwa ta fara da inda ta ƙare. Abin da ba a shata ba, kowa yana iya cewa bai san da shi ba.

Kududdufan nan ma da ake cikewa da shara da baraguzai, mutane suna ɗaukarsu ƙazanta ce da gidan sauro. Lallai mun mayar da su haka. Amma daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni, kuma su ne ke shanye ruwan sama idan ya sauko, su riƙe shi kafin ya gangara rafin Jakara. Ka cike kududdufi ka dasa shaguna, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi wani masauki, masaukin kuwa shi ne zauren talaka a cikin lungu. 'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, kuma abin da 'yan kasuwar da kansu suka yi ta kuka da shi shi ne gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa.

Ƙofofi kuwa, mun ƙware wajen yi musu wani irin gata mai kama da kisa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Yawancin ƙofofinmu yanzu haka suke: bulo da rodi, a shafa jan fenti, a ɗora zanko a kai, a rubuta suna. Mota tana wucewa a sake, ban musa ba. Amma yaron da aka kawo daga makaranta ya ga ƙofar da kakanninsa suka tsare, me aka nuna masa? Da an so, titi yana iya ratsawa ta gefe a bar tsohuwar ƙofa a tsaye da kaurinta da ɗakin mai gadinta. A Zariya, da aka tashi sabunta Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, an yi sabon gini ne ya kewaye tsohon, aka bar bakunan ƙasa da ginshiƙansa a ciki. Ko a nan ma an yi asara, amma aƙalla hannun gwanin yana nan ana gani.

Sai batun rusau. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki katafila ta hau gine-ginen Filin Sukuwa, da na tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, har da shataletalen gidan gwamnati. Mutane da yawa sun yi murna, ni ma ban ji daɗin ganin an kewaye masallacin Idi da shaguna ba tun farko. Amma a duba abin da ya biyo baya. 'Yan ganima suka yi ta jidar rodi da ƙofofi da tagogi. 'Yan kasuwar Filin Idi suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wato jama'ar Kano sun yi asarar fili lokacin da aka sayar, sun kuma sake biya daga baitulmalinsu lokacin da aka rushe. A cikin wannan kuɗi, ko kaso kaɗan aka ba magina da sun tayar da ganuwa mai tsawo. An kuma ce za a yi amfani da baraguzan rusau a gyara badala. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, domin wanda ya san ginin ƙasa ba zai faɗi haka ba. Tulin fasassun bulo da kankare ba ganuwa ba ne, juji ne mai tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da kowa ya koya. Mai kuɗi ya koyi cewa ya jira gwamnatinsa ta dawo. Ɗan siyasa ya koyi cewa fili makami ne, na saka wa magoya baya da na hukunta abokan hamayya. Babu wanda ya koyi cewa akwai wurin da ba a taɓawa ko wa ke kan kujera.

Kada a ɗauka ina gaba da kasuwanci. Kano kasuwa ce ta gina ta. Rumfan da ya faɗaɗa ganuwa shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma fatake daga Agadas da Gadamas da Gwanja ba don kallon katanga suke zuwa ba. Saurayin da ya tara jarinsa ya kama shago a gindin badala, da takarda mai hatimin hukuma a hannunsa, ba shi ne ɓarawo ba. Jama'a ta ƙaru, kowa yana neman inda zai kasa kayansa. Sai dai Kano ba ta rasa fili ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau a wajen gari take, kuma ba ta rasa masu saye ba, har daga ƙasashen waje. An gina sabuwar kasuwa a Dangwauro a kan hanyar Zariya. Abin da ke jawo ido kan badala da kududdufi shi ne arha: fili ne a tsakiyar gari wanda ba a biyan kowa diyya kafin a yanka, tunda marainiya ce.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin yana yiwuwa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27, kuma mutane suna zaune a cikinsa suna saye da sayarwa. Mu kuwa tun 2007 aka shigar da ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin masu jiran a duba su. Har yau muna nan a layi, wuraren Najeriya da suka samu shiga kuwa su ne Sukur na jihar Adamawa da kurmin Osun na Osogbo. Idan masu duba suka zo gobe, wace ganuwa za mu zagaya da su?

Abin da nake roƙo ba ya bukatar biliyoyi. A fara da awo. A fito da masu safiyo, da ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama, da malaman tarihi na Jami'ar Bayero, da sarakunan ƙofa, su bi ganuwa taku bayan taku, su kafa turaku a duk inda ta rage, har da kududdufan da ba a kai ga cikewa ba, a buga taswirar kowa ya gani. Sannan Majalisar Dokokin jiha ta yi dokar da za ta ce duk takardar mallakar da aka bayar a cikin wannan shata banza ce, ko wane gwamna ya sa mata hannu, kuma jami'in da ya shirya ta shi zai amsa da kansa. Idan mai saye ya san takardar ba za ta tsaya a kotu ba, dillali ba zai samu ciniki ba, ba sai an kai ga katafila ba. Inda aka riga aka gina aka tare, a bar mutane su zauna lafiya, abin da ya tafi ya tafi.

Abin da ya rage kuma a ba shi mai shi, mutum mai suna da ofis da kasafi, wanda za a iya kira a rediyo a tambaye shi. A mayar da yaɓen shekara bayan ɗaukewar ruwa, ƙofa-ƙofa, unguwa-unguwa, a ƙarƙashin Sarkin Gini da sauran magina da suka rage. Dattawan nan suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo saboda nan ne abinci yake. Idan aka yi sakaci suka tafi da iliminsu, ko an samu kuɗin daga baya sai dai a kira ɗan kwangila ya zuba siminti ya shafa jan fenti.

Ku ma, ya Edita, kuna da rawar takawa. Ku tura wakilinku da mai ɗaukar hoto su taka da ƙafa daga Ƙofar Nasarawa, su zagaya ta Kabuga da Kansakali da Waika da Ƙofar Ruwa da Mazugal da Wambai, su dawo Ƙofar Mata. Su auna abin da ya rage a tsakanin kowace ƙofa da 'yar'uwarta, su kuma nemi ma'aikatar ƙasa ta faɗi shekarar da aka ba da kowane fili da ke kan badala, da gwamnatin da ta bayar. Ku buga mana shi ƙofa ɗaya a kowane mako.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Gwale, cikin birnin Kano