Wasiƙa daga Agege kan Tuddan Ekiti

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran mutanen gida, ina roƙon ka yafe mini shirun da na yi tun bayan babbar salla. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi cikin ba'a, wai me ya sa magidanci mai 'ya'ya huɗu zai ɗauki kuɗin da ya kusa sayen babur ya zuba a kan keken da ko kariya ba shi da ita. Na ƙi amsa maka ta waya domin na san halinka, kafin in kai aya za ka katse ni da dariya. Yau kuwa takarda ce, dole ka saurara.

Labarin da ya hana ni sakat shi ne, makon jiya na dawo daga Ekiti, inda muka yi kwana uku a kan keke, kuma na hau tudun Efon Alaaye tun daga gindinsa har cikin gari ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. Na san mutumin da ya girma a Bukur zai ce wannan ba abin da za a rubuto masa ba ne, amma ka tuna shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a garin da babu tudu. Muna fita kowace Asabar bayan sallar asuba, kafin danfo da 'yan okada su cika titi, mu zaga Ikeja mu dawo, kuma hawa mafi tsawo da ƙafata ta sani shi ne gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021. Da wannan gadar nake cika baki, har na ɗauka ni gwani ne.

Shi keken, mu nan muna ce masa keken burji. Ƙahonsa a lanƙwashe yake kamar na keken tsere, amma tayarsa ta fi faɗi: tawa milimita 40 ce, alhali ta masu tseren kwalta ba ta cika wuce 28 ba. Birkinsa na faifai ne irin na babur, saboda haka laka ba ta hana shi kamawa. Tayar ba ta da tif. Wani ruwa ake zubawa a ciki mai kama da madarar roba, wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa tun kana tafe, kuma ana rage mata iska sosai domin ta riƙe tsakuwa maimakon ta riƙa tsalle a kanta. Abokin tafiyarmu Dogo, wanda har yanzu bai daina karatun abin da ba a tambaye shi ba, ya cika mana kunne a mota da labarin wata gasa ta mil 200 da ake yi a Emporia ta jihar Kansas a Amurka tun 2006, da kuma gasar duniya ta farko da aka yi a Italiya a 2022. Na ce masa abin da Turawa suka mayar gasa, ni da kai mun yi shi a kan Raleigh ɗin Baba, da buhun dankali a baya, kuma ladanmu bulala ce idan muka dawo da kaca a hannu.

Mu biyar muka tafi, muka ɗaure kekunan a bas, muka karya kumallo a Sabo ta Ibadan, muka bi ta Ife da Ilesa har Erin-Ijesa, inda ruwan Olumirin ke gangarowa hawa bakwai daga kan dutse. Mun zaɓi ƙarshen Nuwamba da gangan, domin da damina jar ƙasar wurin tana zama kamar tuwo, ta like tsakanin taya da ƙarfe har wili ya ƙi juyawa. A nan ne na sha kunya. Hanyar farko da muka bi ta cikin gonakin koko ce, kuma da na ga tudu na taso masa da ƙarfi kamar yadda nake yi wa gada, ban san cewa gada tana ƙarewa cikin minti biyu ba, shi kuwa tudun ƙauye idan ka kai inda kake zaton ƙarshensa ne sai ya karya kwana ya ci gaba. Numfashina ya ƙare, tayar baya ta fara zamewa saboda na miƙe tsaye a kan feda, na sauka na kama turawa. Ina cikin wannan hali wata tsohuwa ɗauke da kwandon ayaba ta wuce ni a ƙafa, ta dube ni, ta dubi hular kwanon da ke kaina, ta yi mini sannu da aiki da Yarabanci cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Kada ka kuskura wannan magana ta kai kunnen Kawu.

Abin da na fi so in gaya maka shi ne yadda ake samun hanya a irin wannan ƙasa, domin taswirar waya ta kusa kai mu ta baro. Ta nuna mana hanya sambal, ashe wata 'yar gadar katako da ke tsakiya ruwa ya tafi da ita tun damina. Wanda ya cece mu wani dattijo ne mutumin ƙasar Kano da muka tarar a wani ƙauye yana jera goro a cikin ganye. Da ya ji muna Hausa sai ya ajiye aikinsa, ya tambayi garin kowa, sannan ya ɗauki tsinke ya zana mana yankin a ƙasa: inda hanya ta rabu, inda motocin katako suka farfasa ta, inda za mu sami rijiya, da inda bai kamata magariba ta riske mu ba. Ya ce shekarunsa da yawa yana bin waɗannan hanyoyi a kan babur yana sayen goro gona-gona. Na tsaya ina tunanin cewa mun taho daga Legas da na'ura a ƙahon keke muna ganin mu ne farkon ganowa, alhali mutanenmu sun daɗe da haddace kowace kwana saboda fatauci. Tun daga ranar, kowane gari muka shiga sai mun nemi masu goro ko 'yan okada mun tambaya, kuma sai mun gaida mai gari ko 'yan sintiri mun faɗi inda muka nufa. Da duhu bai taɓa samunmu a daji ba, domin maganar tsaro ba wadda ake wasa da ita ba ce ko a can.

A Ikogosi muka kwana, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke fitowa kusa da juna su haɗu, kuma na jiƙa ƙafafuna a na ɗumin har na ji kamar an sake mini su. Washegari muka nufi Ipole-Iloro, muka ɗan tsaya a ruwan Arinta, sannan muka fuskanci Efon, muna barin kwalta duk inda muka sami hanyar gona. Daren jiyan na yi shi ina bitar kuskurena, saboda haka tun daga gindin tudun na sauke giya zuwa mafi laushi, wato farantin gaba mai haƙora 40 da na baya mai 42, inda kowane juyin feda bai kai cikakken juyin taya ba. Na zauna daram a kan sirdi domin nauyina ya danne tayar baya, na daina kallon ƙololuwa, na riƙa kallon taku goma da ke gabana ina zaɓar inda ƙasa ta fi tauri. Tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba, kuma sauran sun ba ni rata har na daina ganinsu. Amma a rabin hawan na tarar da biyu daga cikinsu suna turawa, na yi musu irin sannun da tsohuwa ta yi mini, na wuce. Da rufin kwanon garin ya bayyana cinyoyina suna rawa, bakina ya bushe, kuma wallahi na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da muka hau duwatsun Shere na kusa da Jos muna 'yan sakandare.

Gangara kuwa ta fi hawa haɗari, kuma Dogo ne ya biya kuɗin wannan karatu. Ya matse birkin gaba a kwana, a kan tsakuwar da ba ta kama ƙasa ba, tayar ta zame, ya daki ƙasa da kafaɗa. Allah ya kiyaye, ƙujewa ce kawai, amma hularsa ta tsage, kuma da na ga tsagar na daina jin haushin kuɗin da na biya na tawa. Ana rage gudu ne tun kafin a shiga kwana, a ja jiki baya, a saki birki a cikinta. Shi da ya san tarihin gasar Amurka wannan ne bai karanto ba. Matarsa har yau ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba, wai ni na ja shi. Rana ta uku ba ta da wani labari, mun zaga ta Erijiyan, inda mutanen garin ba sa cin kifin rafinsu, muka hau mota.

Yanzu ga abin da nake so ka yi mini. Tun da na dawo hankalina yana kan gida, domin idan Ekiti ta ba mu wannan, me za a ce game da Filato, inda garin Jos kansa ya haura mita 1,200 kuma Shere ta kai 1,829? Ina so ka duba mini tsofaffin hanyoyin 'yan kuza da ke tsakanin Bukur da Kuru da Vom, waɗanda ke ratsa kududdufan haƙa da shingayen ƙerana, ka ga waɗanda suka rage ba a zuba musu kwalta ba. Ka tambayi masu kai dankali da kayan miya kasuwa, kada ka tambayi 'yan ofis ɗinku. Ka kuma gaya mini gaskiya game da zaman lafiyar kowace hanya, musamman ta wajen Riyom da Kurra, domin ba zan ɗauko mutane daga Legas in kai su inda 'yan gari da kansu ba sa bi ba. Idan ta yiwu muna tunanin Janairu, ko da yake na san sanyin hunturu zai sa mutanen nan su yi kuka da asuba.

Akwai keken Dogo da zai yi wata biyu a jingine, kuma tsawonku ɗaya. Zan taho maka da shi, sai ka fara rage tumbin nan tun yanzu. Ka gaida Hajiya, ka ce mata goron da na sayo wurin dattijon nan yana hanya tare da direban da ya saba.

Naka,
Amininka na Agege.