Masu horar da ɗaga ƙarfe su koyi yadda nauyi ke aiki a gaɓa

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu horar da matasa ɗaga ƙarfe a gidajen motsa jiki, domin na lura yawancinmu muna auna amfanin atisaye da yawan kilo kawai, ko da abin da muka gani a bidiyon waya, alhali akwai ilimin da ke bayyana yadda nauyi ke aiki a kan gaɓa da tsoka. Ilimin ya daɗe, tun a 1680 aka fara buga littafin Borelli, masanin Italiya, wanda ya nuna cewa ƙasusuwa suna aiki ne kamar sandar da ake banƙarar dutse da ita.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san cewa idan ya miƙa hannu nesa da jikinsa nauyin yana ƙaruwa, ko da yake ruwan bai ƙaru ba. Abin da gaɓa ke ji shi ne nauyin haɗe da tazararsa daga gare ta. Jijiyar ƙwanji tana manne ne kimanin santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana nesa da fiye da santimita 30, saboda haka mai riƙe da kilo 10 ƙwanjinsa na jan abin da ya ninka haka wajen sau bakwai. Idan ana lanƙwasa gwiwar hannu ana ɗago ƙarfe zuwa kafaɗa, wahalar ta fi tsanani a tsakiyar hanya, sa'ad da sashen hannu daga gwiwa zuwa tafi yake a kwance, idan ƙarfen ya iso kusa da kafaɗa kuma sai ta ragu sosai. Yaron da ke lilo da jikinsa don ya tsallake wannan tsakiyar ya gudu daga wurin da amfanin yake, kocinsa kuma yana tsaye yana ƙirga masa.

Batun baya ya fi damuna. A 1999 wani bincike da Wilke da abokan aikinsa suka yi a Jamus ya auna matsin da ke cikin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayan mutum guda, aka ga ɗaga kilo 20 da baya a tanƙware ya ninka matsin tsayuwa fiye da sau huɗu, riƙe nauyin kusa da jiki kuwa ya ninka shi wajen sau biyu kacal. Shi ya sa ake cewa ƙarfen da ake ɗagawa daga ƙasa ya riƙa gogar ƙwauri.

Haka kuma jiki ba ɗaya ba ne. Mai dogon cinya dole ya ɗan sunkuya gaba idan ya tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, kuma tilasta masa tsayuwar mai gajeren cinya kuskure ne daga koci.

Ina kira ga sassan nazarin motsa jiki na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da su shirya wa masu horarwa gajerun kwasa-kwasai da Hausa, a ranakun Asabar, domin da yawa daga cikinmu muna da wani aikin a sauran ranakun mako.

Naka,
Wani mai horar da ɗaga ƙarfe,
Kaduna