Zuwa ga abokan cinikinmu masu aiki a sama: ku auna wurin kafin ku sayi igiya

Assalamu alaikum.

Muna gaida magina, masu walda, masu buga kwano da ɗora sola, da masu hawa ƙarfen sabis da kuke sayen kayan kariya a shagonmu. Allah ya ƙara buɗi.

Daga yanzu, duk wanda ya zo sayen igiyar kariya, sai mun tambaye shi aikin da zai yi da tsayin wurin kafin mu miƙa masa. Ku yi haƙuri da mu. Yawanci cewa ake "a ba ni mai kyau", alhali igiyar da za ta ceci mutum a kan ƙarfen sabis ba za ta tsinana masa komai ba a rufin gidan ƙasa.

Igiyar tare faɗuwa, wadda ke ɗauke da lambar inganci ta Turai EN 355, tana da wani ƙunshi kusa da ƙugiyarta, a naɗe cikin leda. Ɗamara ce aka ninninke a ciki. Idan mutum ya suɓuto, sai ta riƙa yagewa tana shanye fizgar, yadda abin da zai kai jikinsa ba zai wuce kimanin nauyin kilo 600 ba. Ba don ita ba, fizgar kaɗai ta isa ta illata baya da kayan ciki, ko da mutum bai taɓa ƙasa ba.

Sai dai yagewar nan tana buƙatar sarari, kuma a nan ne hankalinmu ya fi tashi. Igiyar kanta mita 2 ce. Ƙunshin na iya buɗewa har mita 1.75. A ƙara kusan mita 2 na tsawon mutum da miƙewar rigar kariya da ke jikinsa, wadda ake maƙala wa igiyar, a bar mita 1 tsakanin ƙafarsa da ƙasa. Ke nan wanda ya maƙala ƙugiyarsa a daidai ƙafarsa yana buƙatar mita 6.75 a ƙarƙashin inda ya maƙala, babu tulin bulo, babu rodi a tsaye. Hawa ɗaya na gini kuwa kusan mita 3 ne. Mai ɗora sola a irin wannan gida zai dira ƙasa igiyar ba ta ko miƙe ba, yana sanye da kayan kariya cif. Wallahi wannan ne ya sa muka rubuto.

A wuri irin wannan, gara gajeriyar igiya da za ta hana mutum isa bakin rufin kwata-kwata, ko mai naɗe kanta, EN 360, a maƙala ta sama da kai, bayan an duba sararin da takardarta ta ce. Ko ina ne ma, a nemi maƙali a sama, kuma mai ƙarfi. Bututun ruwa ko katakon silin ba wurin rataya rai ba ne.

Masu hawa ƙarfe, taku ita ce mai reshe biyu, don kada a cire ƙugiya ɗaya sai ɗayar ta kama. Reshen da ba ya aiki kada a maƙala shi a zoben ƙugun rigar kariya, yana iya hana ƙunshin buɗewa. Igiyar da ake zagaya falwaya da ita a jingina, EN 358, ta riƙe mutum ce yayin aiki, ba ta tare faɗuwa ba. Haka bel ɗin ƙugu zalla. Igiyar tare faɗuwa sai da cikakkiyar riga mai kama kafaɗu da cinyoyi, EN 361. Masu walda ku faɗa mana sana'arku, akwai mai jure tartsatsi.

Kullum da safe a bi igiyar da yatsu tun daga ƙugiya har ƙugiya. Idan ta koɗe da rana, ta sandare da siminti ko fenti, zare ya tashi, ko bakin ƙugiya ya daina rufe kansa, ta gama aiki. Wadda ta taɓa tare mutum sau ɗaya a yanke ta, don kada yaron aiki ya ɗauka gobe. Wadda kuma ba ta da lamba da ranar ƙira a jiki, ba ma sayar da ita komai arhar da aka yi mana.

'Yan kwangila, ku sa tef ku auna daga inda za a maƙala zuwa ƙasa, ku ɗauko hoton wurin a waya, ku zo da shi. Wanda ya riga ya saya a wurinmu yana da shakka, ya kawo mu duba tare, ba ko sisi.

Allah ya tsare mana ku, ya maido kowa gida lafiya.

Naku,
Masu shago da ma'aikata