Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Alƙahira

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan'uwa ɗalibai da kuke tare. Saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa ka kammala karatun likitanci, Allah ya sanya albarka. Na ga damuwarka game da jarrabawar MDCN, wato hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, jarrabawar da dole ne duk wanda ya karanta likitanci a ƙasar waje ya ci ta kafin a yi masa rajistar wucin gadi, ya shiga aikin sanin makama na shekara ɗaya a asibiti. Ka ce darussan shekarun farko ne suka fi tsaya maka a rai, wato ilimin sassan jiki, da na yadda gaɓoɓi ke aiki, da na sinadaran jiki, saboda ka daɗe rabonka da su, har kana tunanin ko dai ka haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi ka huta.

Ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Hadda tana da muhallinta, domin sunayen jijiyoyi da ƙa'idar magunguna sai an haddace su, amma mai tsara tambaya yakan sauya mata kama, kuma wanda bai san dalilin abu ba yakan rikice da zarar an juya masa ita. Shawarata ita ce ka faro daga cututtukan da za ka tarar a nan gida, sannan ka bi kowace ɗaya baya har zuwa tushenta a waɗancan darussa.

Ɗauki kwalara, wadda take addabar mu kusan kowace damina. Dafin ƙwayar cutar yana sa bangon hanji ya riƙa tsiyayar da sinadarin kulorayid, ruwa kuma ya bi shi, shi ya sa gudawar take zuba kamar ruwan shinkafa. Amma ƙofar da ke shigar da sodiyam tare da gulukos cikin jiki tana ci gaba da aiki duk da dafin, kuma wannan ne dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceto rai. Idan ka fahimci wannan, ka riƙe babi guda na aikin hanji, ka kuma san dalilin da ya sa za ka hana uwa cika sukari a cikin haɗin.

Haka ma cutar sikila, wadda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da ƙwayar gadonta. Asalinta sauyin sinadari guda ne tak a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Daga wannan ɗan sauyi ne jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa idan iskar oksijin ta yi ƙasa, su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon ƙashi ya taso, saifa ta lalace a hankali, yaro ya kasa yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. Wanda ya bi wannan zare ba ya buƙatar a haddace masa dalilin da ya sa sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi suke tayar da ciwon. A nan nake so ka daɗe, domin ba ka yin mako guda a ɗakin yara a Kano ba ka gamu da ita ba.

Kada kuma ka raina taswirorin sinadaran jiki da suke gundurar ɗalibai. A shekarar 2010, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, kuma ƙarancin jinin da dalma ke haddasawa yana faruwa ne saboda tana tare matakai biyu a hanyar da jiki yake ƙera sinadarin him, wanda ɓangare ne na himogulobin. Saran kububuwa, wanda ya yi yawa a yankin Kaltungo ta jihar Gombe, yana cinye abubuwan da ke daskarar da jini, kuma ana gane hakan ne da zuba jinin majinyaci a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Duk wanda ya san matakan daskarewar jini zai gane gwajin nan take.

Game da tsarin karatu, ka ware wa tambayoyi lokaci kowace rana, kuma duk wadda ka faɗi, ka koma littafi ka nemo dalilin amsar daidai da dalilin kuskuren sauran. Ka nemi abokan karatu biyu ko uku ku riƙa yi wa juna bayani da baki, domin jarrabawar tana da ɓangaren gwajin aiki, inda za a so a ga yadda kake duba majinyaci da yadda kake magana da shi. Idan hali ya yi, ka dawo da wuri ka nemi izinin bin likitoci zagayen ɗakunan majinyata a wani asibitin koyarwa, saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau da tamowa suna da yawa a nan fiye da yadda ka saba gani a Masar.

Ka sanar da ni ranar tasowarka don in shirya maka masauki. Mutanen gida duk suna gaishe ka, Allah ya ba ka sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini a Kano.