Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Kuɗaɗen Da Ke Biyo Bayan Cinikin Gida

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Masu wannan takarda mutane ne da abincinsu ke cikin ƙasa da bulo: masu awon filaye, magina, lauyoyi masu rubuta takardun ciniki, da dillalan gidaje na birnin Kano. Mun fuskanto ka ne saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma kai ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka, Gidaje da Sufuri daga 2011 zuwa 2015, zamanin da aka gina rukunonin Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Ba sai an yi maka fassarar rodi ko fandisho ba.

Abin da ke karya magidanci a Kano ba kuɗin da aka sallama a kansa ranar ciniki ba ne. Wannan ya san shi, ya yi adashi, ya sayar da gonar gado, ya haɗa. Kuɗin da ke biyo baya ne ke kayar da shi, waɗanda babu wanda ya lissafa masa, kuma ko ya so ya sani babu inda zai je ya tambaya. Mun san farashin siminti ba a hannunka yake ba. Buhun da ake saya wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, wato mafi ƙarancin albashin jiha, naira 71,000, buhu bakwai ke nan. Katangar fuloti mai ƙafa 50 da 100 kaɗai, in za a yi mata layi 12 har da na cikin ƙasa, tana cin bulo kusan 2,400, abin da zai tayar da ɗaki shida masu ƙafa 12 da 12. Wannan kasuwa ce, sai haƙuri. Amma sauran kuɗaɗen, galibinsu daga teburin gwamnati ake iya rage su.

Mu fara da awon igiya, tunda ta nan akasarin mutanen Kano ke mallakar muhalli. A gefen gari, wajajen Kumbotso da Ungogo, ɗan kasuwa zai sayi gona ɗungurungum, ya sa a yanka ta 50 da 50, wani lokaci har 25 da 50. Duk ƙafar da ya bari don hanya asara ce a wurinsa, don haka sai a bar lungu mai ƙafa goma ko sha biyu. Babu gurbin kwata, babu na taransifoma, balle makaranta ko maƙabarta. Mai saye ya biya kuɗin fili, ya biya la'ada, ya ba da na shaida wurin mai unguwa, ya koma gida yana murnar ya yi araha.

Ranar da tifar yashi ta farko ta zo, ranar zai fara gane lissafi. Ba za ta iya shiga lungun ba. Sai a juye a bakin hanya, a ɗauko masu baro su yi jigila, haka tsakuwa, haka bulo, haka rodi, har a gama ginin. Kowane kaya an biya masa kuɗin mota biyu. Sai maganar ruwa da bayan gida. Ƙa'ida ita ce a raba rijiya da ramin masai da aƙalla mita 15, wasu ma'aunan ma 30 suke cewa. Fuloti mai ƙafa 25 da 50 tsawonsa duka mita 15 ne, ga na maƙwabci manne da shi ta ɓangare uku. Ko mutum ya nisanta rijiyarsa da nasa ramin, ya kusanta ta da na wani. Ragowar kuɗin a kyamis ake biyansa, wajen maganin taifot da gudawar yara. In ramin ya cika, motar zuƙa ma ba ta da hanyar shiga.

Ba muna cewa a hana awon igiya ba ne. An sha hanawa, bai hanu ba, domin awon gwamnati bai taɓa isar jama'a ba. Abin da zai yi aiki shi ne a sauƙaƙa wa mai gona ya kawo taswirar yankansa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ya sayar da fegi ko ɗaya, a duba faɗin hanya da inda ruwa zai bi, a ba shi lamba cikin kwanaki ƙididdigaggu. Da zarar masu saye sun saba tambayar "ina lambar?", kasuwa da kanta za ta hukunta wanda ba shi da ita.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato fili a kan kududdufi. Tsofaffin unguwannin birni da kududdufansu suka tashi. Nan aka haƙi ƙasar gini, nan kuma ruwan damina ke taruwa. Yanzu sai a shekara ana zuba shara, a rufe da jar ƙasa kamu uku ko huɗu, a daddaɓe, a kafa turaku. Ido ba ya bambanta shi da tsandauri. Amma shara ruɓewa take yi, ƙasar ta riƙa zama, kuma ba daidai take zama ba. Bayan damina biyu ko uku sai tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace zuwa sama, ƙofa ta daina rufuwa, daɓe ya yi ƙundu. Mai gida ya kira birkila ya toshe da filasta, baɗi ta sake buɗewa. Irin wannan ƙasa ba ta ɗaukar fandishon da aka saba. Sai dai a kwashe cikon har a tarar da ƙasa ta asali, ko a shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, wanda kuɗinsa kan cinye arahar filin har ya nemi ƙari. Shawarar da muke ba kowa ita ce kafin ya biya, ya sa a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wurare biyu. In leda da toka da baƙar ƙasa mai wari suka fito, ya kama gabansa. Ya kuma tambayi dattijan unguwa abin da ke wurin shekara 20 da suka wuce. Amma me ya sa sai talaka ya yi wannan bincike da kansa, alhali akwai tsofaffin taswirori da hotunan sama? Muna roƙon a fitar da taswirar kududdufai da hanyoyin ruwa na birni, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a sa a intanet. Ruwan da aka kora daga kududdufi ba ɓacewa yake yi ba. A watan Agusta ɗakunan maƙwabta yake shiga.

Sai takarda, inda nan ne muka fi so ka tsaya. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce mai shaidar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da sahalewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba, babu shi. Wanda ya so bin doka zai biya kuɗin binciken fayil, lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, a ƙiyasta darajar gidan, a biya kuɗin sahalewa, na hatimi, na rajista, sannan a share bashin harajin ƙasa da ya taru a kan tsohon mai gida, wanda sau da yawa mai saye bai san da shi ba sai a wannan gaɓar. Da yake wasu daga cikin kuɗaɗen kaso ne na darajar gida, darajar kuma sai an je an ƙiyasta, babu mai iya gaya wa mutum jimillar tun kafin ya shiga. Cinikin biri a sama ke nan, kuma Bakano ba ya son sa.

Saboda haka sai a ƙi zuwa. A karɓi satifiket da sunan wani, a haɗa da takardar ciniki, a sa a ƙarƙashin katifa. Za ka tarar da gida an sayar da shi sau huɗu, amma a fayil sunan mutumin farko ne, wanda ya rasu tuntuni ya bar 'ya'ya goma sha. Ranar da na biyar ya so gyarawa, sai ya bi magada ɗaya bayan ɗaya yana neman sa hannu, wani yana Legas, wani yana Saudiyya, wani kuma ya ga dama ta samu ya ce sai an ba shi nasa. Gwamnati ta yi asarar kuɗin shiga sau huɗu, mai gida kuma yana zaune a kan dukiyar da banki ba ya karɓa.

Legas ta gwada wata hanya a 2015, ta sauko da jimillar waɗannan kuɗaɗe daga kashi 13 cikin ɗari zuwa kashi 3. Abin da muke nema a Kano bai wuce shafi ɗaya ba: jadawali da Hausa, mai nuna darajar da hukuma ke lissafi da ita a kowace unguwa, Nasarawa dabam, Hotoro dabam, Dorayi dabam, da kason da za a biya, da kwanakin da aiki zai ɗauka. Mutum ya zauna a shagonsa da biro ya fitar da abin da zai kashe. A kuma buɗe wa'adi na musamman ga masu tarin takardun ciniki, a karɓi kuɗin sauyi ɗaya a mayar da fayil sunan wanda ke cikin gidan yau, bayan an yi cigiya an ba masu ƙorafi lokaci. Aikin sabunta takardun mallaka da aka yi ta KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, abu ne mai kyau, sai dai mai takarda kawai ya shafa. Mafi yawan gidajen Kurna, Rijiyar Lemo da Sheka ba su taɓa samun fayil ba. An taɓa gwada yi wa gidaje rajista unguwa-unguwa a Fagge da Tarauni, ma'aikata na bi gida-gida, maƙwabta na tabbatar da iyakar juna. Da awo ɗaya ake gama layi guda, shi ya sa ya fi arha nesa ba kusa ba. A farfaɗo da shi.

Gidan gado ma yana da nasa tarkon. Wanda ya sayi rabon magaji ɗaya a gidan da ba a raba ba, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a a fiƙihun Malikiyya: su mayar masa da kuɗinsa su karɓe. In ya riga ya fara gyara, sai shari'a. Da kotunan Musulunci na tura kwafin kowane rabon gado na gida zuwa KANGIS, da bincike ɗaya ya wadatar.

Game da ingancin kaya, ka fi mu sani. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 na inci tara ba, amma ana buga 45 har 50, a shanya a rana ba ban-ruwa, a sayar washegari. Irinsa ne ake murƙushe gefensa da yatsa. Kankare na ɗaya-biyu-huɗu, wato buhu ɗaya da kwanon yashi huɗu da na tsakuwa takwas, sai ya koma yadda lebura ya ga dama, a cika masa ruwa don ya yi saurin zubuwa. Ban-ruwan kwana bakwai a yi biyu, katakon da ke tallafe da dekin a cire kafin kwana 21 saboda ana jiransa a wani aikin. Masu duba gini su riƙa leƙa gidajen bulo da ma'auni, ba sai shagunan bakin titi ba. Jan fentin nan da hukuma ke shafa wa ginin da ya saɓa ƙa'ida kuma, ranka ya daɗe, a lokacin haƙa fandisho yake da amfani. In ya zo bayan an ɗora kwano, an riga an yi ɓarnar. Da hukuma za ta zana taswirori biyar ko shida na ƙananan gidaje, na 50 da 50 da na 50 da 100, masu hatimin amincewa a jiki, ta sayar da su da rahusa, da dubban mutane sun yi gini da izini ba tare da sun nemi mai zane ba.

Bayan an tare, sai hidimar yau da gobe. Gida mai mutum goma, a lita 50 kowane kai, yana shan jarka 20 a yini. Ko a naira 100 aka sayi jarka, naira 60,000 ke nan a wata, kusan albashi guda a hannun mai garuwa. Ga karo-karon taransifoma da fal-waya, wanda a ƙa'idar hukumar kula da lantarki ta ƙasa nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ga na yashe kwata, ga na 'yan sintiri. Fili mai bututun ruwan Tamburawa ko Challawa a ƙofarsa, ko ya fi tsada ranar saye, ya fi sauƙi a shekara goma. Shi ya sa muke ganin kada a sake raba sabon awon gwamnati sai an kai hanya, kwata da bututu tukuna, a zuba kuɗin a kan farashin fulotin, ma'aikaci ya biya wata-wata daga albashi ba tare da kuɗin ruwa ba.

Wannan batu na kuɗin ruwa ba ƙarami ba ne a Kano. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 na albashi, yana ba da rance a kan kashi 6 har tsawon shekara 30, amma da yawa daga ma'aikatanmu ana cire musu ba sa nema saboda gudun riba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ke Kano tun 2012, suna da tsarin ijara, mutum yana biyan haya har gidan ya zama nasa. Su ma abin da za su fara tambaya shi ne satifiket da sunanka. Ka ga an sake dawowa kan takarda.

In za a fara da abu ɗaya kafin damina mai zuwa, a fara da shafin nan na jadawali da taswirar kududdufai. Ba sa buƙatar kwangila, umarninka kawai suke jira. Duk ranar da Ma'aikatar Filaye ta kira zama a kan wannan, za mu zo da tef ɗin awo da fayilolin misali.

Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya.

Wassalam,
Wasu masu awon filaye, magina, lauyoyi da dillalan gidaje, birnin Kano.