A koya wa ɗaliban kimiyya Spack

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin malaman kimiyya. Ɗalibi zai samu shiga babbar kwamfutar bincike, ba shi da ikon mai kula da ita, manhajarsa kuma na son HDF5 (manhajar adana manyan bayanai) da wani nau'in MPI (tsarin da ke sa kwamfutoci da yawa su yi aiki tare) na musamman. Sai ka ga ya kwana yana harhaɗawa da hannu. Spack, wani tsarin girka manhajoji da aka fara a ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka a 2013, ya ɗauke wannan wahala: rubuta spack install hdf5, zai jawo duk abin da ake buƙata, sigogi daban-daban su zauna tare ba rikici. Conda, wata manhajar girkawa makamanciyarsa, ta fi sauri, amma ni na fi son abin da aka harhaɗa daidai da na'urar. Don Allah a koya wa ɗalibai Spack tun farkon digiri na biyu.

Naka, wani mai bincike