A Daina Kai Wasan Kwaikwayon Ɗalibai Ƙarshen Biki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin shugabannin makarantun sakandare kan bikin raba kyaututtuka, tunda zango na uku ya kusa ƙarewa, kuma a watan Yuli makarantu da yawa ke yin nasu.

Babban abin da ke kashe wasan kwaikwayon aji shi ne gurbin da ake ba shi a jadawalin ranar. A ce za a fara ƙarfe goma, babban baƙo ya iso sha ɗaya da rabi, a sha jawabi biyar, a kira sunaye, sai a ce yara su fito daidai lokacin da ladan ya kira azahar. Iyaye su watse, yaran da suka yi makonni suna bita su yi wa kujeru wasa. A sa wasan bayan jawabin shugaban makaranta, kafin a fara rabo, don ba uban da zai tashi bai ga ɗansa ya karɓi tasa kyautar ba.

Kada a ɗora wa 'yan SS3, wato ajin ƙarshe, wasan, jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO sun cinye musu Mayu zuwa Yuli. 'Yan SS2 ko JSS2 sun fi dacewa. Minti 20 ya isa, fitowa uku ko huɗu, 'yan wasa kada su wuce 12. A yi bita mako shida, sau uku a mako bayan an tashi, a kuma ajiye takarda tun mako na huɗu, domin wanda ya saba da karantawa kansa a sunkuye yake fitowa. Kowane babban ɗan wasa a yi masa madadi, damina ce, zazzaɓin cizon sauro ba ya sallama. A zaunar da ɗalibi ɗaya bayan labule da rubutun wasan, yana tuna wa wanda magana ta kuɓuce masa.

Dandamalin da aka haɗa da teburan aji yana buɗewa a tsakiya idan yara suka fara kai-komo. A ɗaure ƙafafun teburan da igiya, a shimfiɗa katako a kai, sannan tabarma. Lasifika kuma a ajiye ta gaba da 'yan wasa tana fuskantar jama'a. Idan makirufo ya shiga gabanta, nan ake jin ƙarar nan mai huda kunne. Makirufo biyu a tsaye sun fi guda ɗaya da ake miƙa wa juna, wanda ke tsinka hira. Janareta a kai shi nesa, a cika masa mai tun safe. Gemun auduga da aka manna da gam, da zarar an yi gumi sai ya faɗo, jama'a su kwashe da dariya a wurin da ake son su yi tsit. Gara a ɗinka shi a kan ƙyalle, a rataya a kunne da zare.

Batun kyauta, a tara makin zango uku, kada a tsaya ga na ƙarshe kaɗai, malamai biyu su sake lissafi, a duba rubutun kowane suna da rajistar aji kafin a buga takardar shaida. Idan biyu suka yi kunnen doki, a ba su duka. A ware kyauta ga wanda ya fi ci gaba a shekarar, ko da daga na 40 ya dawo na 15, da wata ga masu aikin bayan labule, irin su mai tuni da mai kula da kaya, waɗanda ba a ma kiran sunayensu.

Na gode.

Wani malamin Hausa,
Katsina